Farar Motar Honarabul Rading

Ni ce na zaga gida ɗari biyu da goma sha huɗu da ƙafata, ba wani ba. Mako uku ina barin tiren omena, busassun ƙananan kifin nan na tafki, a hannun maƙwabciyata Ajwang a kasuwa, ina ratsa gonakin rake da littafi a hammata, ina tambayar mutanen Kamolo abin da suke so jam'iyya ta sa a gaba. An ce ni ce shugabar mata ta mazaɓa, kowa ya san Min Okeyo, wato uwar Okeyo, yadda ake kirana, ba wanda zai rufe mini ƙofa. Gaskiya ne, ba wanda ya rufe. Shayi kuwa na sha shi har ya fita raina.

Da gidana na fara. Mijina Ogutu yana zaune a gindin mangwaro yana gyaran rediyon da ya fi shekara goma yana gyarawa, na tsaya a kansa na buɗe shafin farko.

"Malam, jam'iyyar Tulu ce ta aiko ni. Me kake so a yi maka?"

"Ta aiko ki ki dafa mini tuwo."

"Ka yi magana, ina da gidaje a gaba."

Ya ajiye rediyon, ya ja numfashi, ƙirjin ya yi ƙarar nan tasa. Ya ce, "Rubuta. Motar da za ta kai ni gari kafin in shiɗe."

Shekara ashirin da shida ya yi yana saran rake a gonakin da ake ƙonawa kafin girbi, hayaƙin ya cinye masa huhu. Ƙaramin asibitinmu nas ɗaya ce da kwalin maganin zazzaɓi. Babban asibiti yana gari, kilomita talatin da biyu a kan jar hanya. Sau biyu ciwon yana tasar masa da ƙarfi, sau biyu muna ɗora shi a kan boda-boda, ɗan babur a gaba, shi a tsakiya, ni a baya, an ɗaure mu da zane ɗaya. A na biyun likita ya ja ni gefe ya ce, in ya sake tashi haka, to cikin awa ɗaya nake son ganinsa a nan, kuma a kwance, ba a kan babur ba. Saboda haka ban ɓoye wa kowa ba, ina da tawa buƙatar a cikin wannan yawo.

Amma ban cusa wa kowa magana a baki ba. Samari suka ce aiki. Wasu suka ce garin masara ya yi tsada. Wani tsoho a bakin rafi ya ce shi dai a kama biran da ke cinye masa gona, in an yi haka ko jaki aka tsayar zai zaɓa. Sauran kuwa, musamman mata, bakinsu ɗaya: motar asibiti. Ajwang ma da na zo kanta sai da ta yi kuka, don 'yarta a kan babur ta haihu, jaririn bai zo da rai ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ki rubuta shi da manyan baƙaƙe, Min Okeyo."

Aka kira taro ranar Talata da rana a ɗakin bayan otel ɗin kasuwa. Ɗan takararmu na majalisa, Honarabul Rading, ya zo da wani baƙo daga Nairobi, wai shi Dakta Oyier. Ba daktan allura ba ne, daktan zaɓe ne. Siriri, da tabarau, da kwamfuta, ga turare kamar an fasa shago. Honarabul ya ce wata shida ya rage a yi zaɓe, kuma abin da ke hannunsa na abu ɗaya ne babba, ba biyu ba, don haka a faɗa masa abin da zai kawo ƙuri'a.

Shugaban matasa ya miƙe ya ce filin ƙwallo. Wani ya ce a dage kan cewa abokin hamayya uwarsa ba 'yar nan ba ce. Wani ya ce a raba wa coci-coci kwanon rufi. Aka yi ta kumfar baki ana buga tebur, kwalaben lemo na rawa. Da aka zo kaina na buɗe littafina na karanta, gida bayan gida, ban tsallake ko biran tsoho ba. Na rufe na ce mota, motar asibiti, shi ke nan.

Dakta Oyier ya tafa mini a hankali da yatsu uku.

"Mama, aikinki ya yi kyau. Amma in tambaye ki. Asabar da ta wuce ina kike?"

"Wajen jana'iza."

"Wadda ta gabace ta fa?"

"Jana'iza mana. Akwai Asabar da ba a binne wani a ƙasar nan?"

"Mutum nawa suka taru?"

"Sun fi dubu."

"To madalla." Ya cire tabarau yana gogewa. "In motar asibiti ta kai mace ta haihu lafiya, wa ya gani? Ita, da mijinta, da uwar miji. Su ma cewa za su yi Allah ne ya yi. In kuwa ta cika a cikin motar, to motar Rading ce ta kashe ta. Amma gawa, Mama, gawa ba ta mutuwa sau biyu. Ba ta ƙorafin direba ya makara. Kuma duk inda ta sauka mutum dubu na zaune suna jira, da ƙuri'unsu a aljihu. Mutanenki da baki sun ce miki asibiti. Ranar zaɓe kuwa abin da za su tuna shi ne wa ya zo musu ranar da suka yi rashi."

Na ce, "Ɗan nan, uwarka na da rai?"

"Tana Nairobi, lafiyarta ƙalau."

"Ai na gani a bakinka."

Aka kwashe da dariya, har da shi. Honarabul ya taso ya dafa kafaɗata. "Mamana, kwantar da hankalinki. Mu ci zaɓe tukuna. Ranar da aka rantsar da ni, ke za ki yanka zaren motar asibiti da hannunki." Daidai nan aka shigo da soyayyen kifi da tuwon masara. Ya kamata in ɗauki littafina in fita. Ban fita ba. Na wanke hannu na ci kifin nan har kai, kuma har yau in na tuna sai bakina ya yi ɗaci.

Bayan mako biyu motar ta iso. Fara fat, doguwa, irin ta asibiti sak, har da layin ƙarfen da ake tura gadon majiyyaci a kai, sai dai akwatin gawa ake turawa. Aka zana fuskar Honarabul a kowane gefe yana washe haƙora, aka rubuta a ƙasa: RADING NA TARE DA KU HAR ƘARSHE. A samanta lasifika huɗu. Da ita aka kawo rumfuna shida da kujerun roba, kowace da hoton tulu a baya.

Abin takaici, ɗan turaren nan ya san aikinsa. Mu mutane ne da in mutum ya mutu sai ya yi mako biyu ko uku a ɗakin ajiyar gawa a gari, ana jiran dangi su zo daga nesa, kuma ɗauko shi ranar Juma'a shi ne abin da ke karya gida. Yanzu ga mota kyauta, ga rumfa, ga kujeru, wani lokaci har da sa. Kowace Asabar Honarabul yana jana'iza uku ko huɗu, ya karɓi makirufo bayan fasto ya yi ta zuba. Mutanen da suka ce mini asibiti, su ne ke bin motar da gudu suna kaɗa ganye. Ajwang da ta ce in rubuta da manyan baƙaƙe, ita ke jan waƙa a gaba da rigar tulu. Na ce mata, "Ke ba kya jin kunya?" Ta ce, "Haba, Min Okeyo, da babu gara ba daɗi. Kin ga yadda aka kai surukina kamar wani minista?" In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ogutu kuwa abin dariya ya mayar da shi. In motar ta wuce ta bakin hanya da kiɗan coci, sai ya ɗaga mata hannu. "Ga motata can. An saya, saura in cika sharaɗi." In ce ya rufe mini baki, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Wata Asabar da tsakar rana, saura wata biyu zaɓe, maƙwabcinmu ya cinna wa gonar rakensa wuta, iska ta juyo da hayaƙin cikin gidanmu. Ina wanke-wanke na ji rediyo ya faɗi. Na sami Ogutu a durƙushe, hannu ɗaya a ƙasa, leɓensa ya fara canja launi. Na danna masa abin shaƙarsa sau huɗu, a banza. Na ja shi cikin ɗaki, na rufe taga, na ce ya riƙe ransa ina zuwa.

Ana binne wani tsohon malamin makaranta gona biyu daga gidanmu, tun safe muke jin lasifika. Na ruga ba takalmi. Motar na tsaye a gefen rumfa, direbanta Abuto yana jingine da ita yana sakace.

"Abuto, tashi motar! Ogutu ne, ba ya numfashi!"

"Ya rasu?"

"Uwarka ce ta rasu! Da ransa, asibiti za mu!"

Ya zubar da tsinken, ya laluba aljihu, har ya fito da makulli. Sai ya tsaya ya dubi wayar da ta fito daga cikin motar ta bi ƙasa har gaban rumfa. Makirufo da lasifika duk daga batirin motar suke shan wuta, kuma yanzun nan Honarabul ya karɓi magana. Kafin mu ce wani abu Dakta Oyier ya iso, ya kama gwiwar hannuna ya ja ni bayan mota, yana murmushi saboda masu kallo.

"Mama, sannu, na ji. Minti goma kawai. In muka zare wayar nan yanzu, maganar Honarabul ta mutu a gaban mutum dubu."

"Mijina ne zai mutu!"

"Ba zai mutu ba. Kuma ki duba, a sa mai rai a motar gawa, mutane na kallo? Gobe 'yan hamayya su ce mun fara ɗaukar mutane tun ba su cika ba? Bari ya gama, jama'a su tafi wajen abinci, sai Abuto ya zagaya ta baya. Minti goma."

Na durƙusa masa. Ni, da na haifi wanda ya girme shi, na sa gwiwa a ƙasa na kama ƙafar wandonsa. Ya ɗaga ni da sauri yana waige-waige, yana cewa minti goma, minti goma.

Ga wautar da ba zan yafe wa kaina ba: na jira. Na ji jawabin Rading ya fi sau talatin, na san minti gomansa. Na san sai ya bi ta kan kakan mamacin, da yadda ya yi tallan gawayi yana yaro, da uwar abokin hamayya. Amma motar na gabana, ina taɓa ta da hannuna, ga wurin kwanciya a ciki, likita kuma ya ce a kwance. Na tsaya ina kallon bakinsa. Sai da na ji ya ce "abu na biyu cikin bakwai" sannan hankalina ya dawo jikina, na ruga wajen 'yan boda-boda. Duk suna layin nama a bayan rumfa. Da ƙyar ɗaya ya yarda ya bar layinsa.

Muka ɗaure shi da zane kamar kullum. Har muka hau jar hanya ina jin muryar Honarabul a bayanmu ana tafi. Ina rungume da Ogutu ina yi masa magana a kunne, ina zaginsa, ina ce masa in ya kuskura ya tafi sai na sayar da rediyon. A wajen gada, mun ɗan wuce rabin hanya, na ji nauyinsa ya canja a hannuna. Kansa ya kwanta a bayan ɗan babur. Na ce yaro, tsaya.

Muka kwantar da shi a gindin wata bishiya. Ɗan babur ɗin ne ya buga wa Abuto waya. Wallahi ko rabin awa ba a yi ba sai ga farar motar ta taho da ƙura, ta tsaya a gabanmu, fuskar Rading na yi mini murmushi. Abuto bai iya haɗa ido da ni ba. Ya buɗe baya, suka tura shi a kan layin ƙarfen nan, ya shige sumul, a kwance.

Ɗana Okeyo, mai walda a Nakuru, ya iso washegari. Na ce masa ba na son rumfarsu, ba na son kujerarsu, ko a kan amalanke ne a dawo da ubansa. Ya zauna ya riƙe kai. "Mama, mutum dubu za su zo. Dangin Baba daga ko'ina. Da me zan ciyar da su? So kike a ce ɗan Ogutu ya binne ubansa kamar kaza?" Ƙannen mijina suka goya masa baya, gawa kuwa tasu ce, ba tawa ba. Aka kawo rumfa shida, da akwati mai gilashi, da baƙin sa.

Abu ɗaya ya rage mini. A wurinmu, ranar binnewa matar mamaci takan tsaya gaban jama'a ta ba da labarin ciwon tun daga farkonsa har fitar rai, kuma ba mai katse ta, ko fasto. Mako biyu ina shirya maganata. Da aka miƙo mini makirufo na bi wayarsa da ido har cikin motar, sannan na fara. Na faɗi saran rake da hayaƙi. Na faɗi babur da zane. Na faɗi littafina da abin da gida ɗari biyu da goma sha huɗu suka ce, da abin da aka ce mini a ɗakin bayan otel. Na faɗi minti goma. Na nuna Dakta Oyier da yatsa, na nuna inda gwiwata ta taɓa ƙasa. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan wani jariri. Na ga mata suna share hawaye, na ga maza sun sunkuyar da kai. Na ce a raina, to, yau dai sun ji.

Honarabul Rading ya miƙe a hankali. Ya zo ya durƙusa a gabana, a cikin ƙura, da farin wandonsa. Da ya karɓi makirufo yana hawaye, kuma na gaske ne, na gan su da idona.

"Jama'ar Kamolo, uwata ta yi magana, kuma gaskiya ta faɗa. Ta nemi motar Rading, aka ce mata tana bakin aiki. Laifina ne. Mota ɗaya ta yi wa mutanena kaɗan." Ya tsaya ya share fuska. Numfashi ɗaya, ɗaya tak, na ɗauka abin da na roƙa zai faɗa. "Kafin ƙarshen watan nan zan kawo ta biyu! Mai sanyi a ciki, don kada mamatanmu su wahala a hanya! Kuma sunan da za a rubuta a jikinta, sunan wannan bawan Allah ne, Ogutu!"

Guɗa ta tashi. Ajwang ce ta fara, na san muryarta ko cikin barci. Waɗanda suka gama share hawaye yanzun nan suka miƙe suna tafi, samari na buga kujeru, ƙannen mijina suka rungume Honarabul. Na tsaya a tsakiyar fili hannuna babu komai. Can gefe Dakta Oyier yana danna wayarsa, ko ɗaga kai bai yi ba. Tir. Ban san wanda ya fi ba ni ƙyama a ranar ba, mai maganar ko masu tafin.

Abokin hamayya da ya ga haka sai ya yi alkawarin akwati kyauta ga duk wanda ya haura sittin. Shi ke nan zaɓin da aka ba mu. Ranar zaɓe ban fita ba. Da la'asar Okeyo ya shigo, ya zo daga Nakuru a bas ɗin da jam'iyya ta ɗauko, ɗan yatsansa da tawada. Na zuba masa tuwo da omena, na zauna ina kallon yatsan.

"Wa ka zaɓa?"

Ya ci gaba da murza loma.

"Okeyo, da kai nake."

"Mama, mutumin nan ya binne Baba da mutunci. Kowa ya gani. Ya zan yi in juya masa baya?"

Na miƙe. Na ɗauke tulun ruwa na kai waje, don kada in fasa shi a kansa.

Rading ya ci Kamolo da ratar da ba a taɓa gani ba. An rantsar da shi wata bakwai ke nan, ba wanda ya kira ni yanka zare. Littafin nan kuwa na kai shi kasuwa, ina yage shafukan ina ƙunshe wa mutane omena na shilin ashirin ashirin, ta baya na faro. Juma'ar da ta wuce na kai hannu na ji saura shafi ɗaya, na farko, da rubutuna a kai. Ina riƙe da shi sai ga kiɗan coci daga bakin hanya, sabuwar motar ta dawo daga gari da gawar wani, yara da manya na bin ta da ganye. Ta rage gudu a gaban kasuwa yadda suka saba, don kowa ya karanta. OGUTU, da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashin haƙoran Honarabul.

Ajwang ta taɓo ni da gwiwar hannu. "Min Okeyo, tashi mana ki ɗaga hannu. Motar mijinki ce."